Igiyar Da Ba Ta Faɗa Kan Ƙulli Ba

Umara mutum ne mai taurin kai, duk fadamar Haɗeja an san haka. Amma shekara goma sha biyu ke nan yana kewar ƙanensa Auta, kewar da ke hana shi jin daɗin tuwo, kuma bakinsa ya ƙi furtawa.

A kan gonar shinkafar mahaifinsu suka ɓata. Gona ce murabba'i, kowane gefe ƙulli goma na igiyar awon tsohon. Da ya rasu, sai suka ce a raba ta daga kusurwa zuwa kusurwa, don magudanar ruwa a kusurwa guda take, kowa na son bakinta. Aka ja igiya, ta wuce ƙulli goma sha huɗu da ɗan abin da bai kai taƙi ba. Umara ya ce ina! Gonar Baba ba ta taɓa saɓa wa ƙulli ba, wani ya matsar da turken kusurwa. Kuma wa ya riga kowa zuwa gona ran nan? Auta. A gaban mutane ya faɗa masa haka. Bayan kwana uku Auta ya hau mota sai Fatakwal.

Tun daga nan Umara ke noma rabin Auta, ya zuba shinkafarsa a buhuna daban. Duk shekara kuma sai ya sake jan igiya, ko za ta faɗa daidai ya ce to, ga inda turken yake da. Ya ƙara ƙulli tsakanin ƙulli, ya sake ƙarawa, har igiyar ta koma kamar carbi. A banza.

Wata Asabar 'yarsa Nana Aisha, wadda ke koyar da lissafi a Kaugama, ta kawo masa fura gona, ta tarar da shi durƙushe yana harara igiya.

"Baba, me kake nema haka?"

Ya gaya mata, yana ƙunƙuni. Yarinyar nan sai ta auna gefe huɗun da kanta, ta auna tsallaken kusurwa zuwa kusurwa duka biyun, sannan ta zauna a kan kunyar gona.

"Baba, lambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda ke rabuwa kashi-kashi, kamar ɗaya cikin uku, ko bakwai cikin goma. Irin waɗannan in ka yi ta ƙara ƙulli daidai wa daida, wata rana sai sun faɗa a kai. Akwai kuma waɗanda ba sa faɗawa har abada. Tsallaken gona murabba'i yana cikinsu."

"Ke, ban son boko. Ko da ƙulli dubu?"

"Ko da dubu sau dubu. Kuma ga shi tsallaken biyu tsawonsu ɗaya. Da an taɓa turke, da sun bambanta."

Umara ya buɗe baki zai yi gardama, don ita ce sana'arsa ta biyu, sai ya sake duban igiyar. Wayyo! Ashe yaron nan da ya goya a bayansa suka haye kogi, bai yi komai ba. Furar ma ya ture ta gefe.

"Kina da lambar baffanki?"

"Ina da ita, Baba. Duk sallah muna gaisawa."

Ya harare ta, amma ya miƙa hannu. Wayar ta yi ta ƙara har ya fara addu'ar kada a ɗauka. Sai aka ɗauka.

"Nana? Lafiya dai?"

Muryar dattijo ce. Umara bai taɓa kawowa a ransa Auta zai tsufa ba.

"Ni ne," ya ce. "Ba ka taɓa turken nan ba."

Daga can ɓangaren ya jiyo ƙarar motocin wani gari. Umara ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "ƙara faɗa. Ba don ban ji ba."