Fensirin Bogna

Shekara talatin Pan Ludomir ya yi a birnin Poznan yana karanta fassarar finafinai a kan muryar 'yan wasa. Shi ne ɗan sanda, shi ne mai kisa, shi ne kuma kyakkyawar da ke yaudarar su duka. Ƙa'idar aikin guda ce: kada murya ta yi rawa. Matarsa Bogna ke yin fassarar, ta ja masa ɗan layi da fensir duk inda zai numfasa.

Wata biyu da binne ta ya koma situdiyo. Aikin da ke jiran sa shi ne na ƙarshe da ta yi, a gadon asibiti: labarin wanda aka kashe wa mata, garin neman makashin ya faɗa tarkon wata shu'uma.

"Pan Ludomir, ba zan ɓoye maka ba," in ji Wanda mai ɗaukar sauti. "Mai situdiyon ya ce in muryar ta ƙi, wani za a ba."

"Kunna kawai, 'yar nan."

Tsoro yake ji, ba kaɗan ba. In an raba shi da wannan kujera, me ya rage masa?

Da shu'umar ta fara kwance maɓallin rigarta, sai ya ga rubutun Bogna a gefen takarda: "Tsoho, karanta kamar kana lissafa kayan miyar kabeji. Saura ka ji daɗi." Dariya ta ƙwace masa ta hanci, dole aka sake ɗauka.

Sai fim ɗin ya zo ɗakin ajiye gawa. Aka yaye mayafi, mijin ya soma magana, doguwa, yana haɗiyar zuciya. Ludomir ya kai ƙarshen shafin. Ya juya na gaba yana neman layin numfashi.

Babu layi, babu fassara. Ya yi shiru minti guda cur, kukan ɗan wasan kaɗai ke tashi.

Wanda ta tsayar da na'ura, ranta a jagule. "Shi ke nan, ka kasa. Wallahi ban so ba."

Ludomir ya manna mata takardar a jikin gilashin da ke tsakaninsu. Shafin fari ne fat, sai rubutun Bogna da fensir a tsakiya, duk ya karkace.

"Nan ba ya buƙatar fassara. Bar shi ya yi kukansa, tsoho. Kai ma yi naka, na ba ka minti ɗaya."