Wankakken Akoko

Harlan yana juya tukunyar da sanda lokacin da tuntun zare na farko ya taso saman ruwa, fari, ɗan mitsitsi. Sai na biyu. Kafin ya janye itacen daga wuta, fuskar ruwan ta rufe da su.

Zanen gadon mahaifiyarsa, Mama Ozella, ne a ciki. Wata bakwai tana kansa a baranda, da yatsun da sanyin ƙashi ya tanƙware, tana soka zaren lagwanin kyandir a farin akoko tana yankewa, har dawisu biyu suka fito. Haka uwarta ta yi, haka kakarta, tun zamanin da ake shanya irinsu a bakin titin Dalton, matafiya na tsayawa saye. Ba a ƙulla zaren. Akokon da bai taɓa ganin ruwa ba ake yi wa aikin, in an dafa shi sai ya tsuke, ya damƙe kowane tuntu har abada.

Yayarsa Verna ta sauko daga baranda, rigar masaƙar kafet na jikinta. Ta leƙa tukunyar.

"Miyar auduga kake dafa mana, shugaban marasa aiki?"

"Yaya, rage murya."

"In rage? Ai ta gani."

Mama Ozella ta gani kuwa. Tana tafe a hankali, tana dogara sanda. Ranar Kirsimeti, da Verna ta kawo takardun gidan tsofaffi, tsohuwar ta ture su gefen faranti ta ce, "Ran da ɗinkina ya ƙi zama, ku kai ni. Kafin nan kar wanda ya sake yi min zancen."

Harlan ya san abin da ya faru. Da aka sallame shi daga masaƙa ya dawo gida, shi mahaifiyar ta aika ya ɗauko akokon daga akwatin kakarsu. Warin ɓera ya buge shi. Ya kai shagon wanki, ya jefa a inji da ruwan zafi, ya sa sitaci, ya goge, ya ninke yadda ya same shi. Har daɗi ya ji a ranar, wai ya yi abin kirki, alhali tun a injin akokon ya gama tsukewarsa.

Mama Ozella ta sa ya ɗago zanen da sandar. Dawisun sun zube, sai hudar allura jere-jere.

"Ɗinkina ne ba ya shiga yadda ya kamata," ta ce. "Verna, ina takardun nan?"

"Suna mota, Mama."

A aljihun Harlan akwai lambar wayar wani mai gareji a Chattanooga, wanda ya yi masa tayin aiki, ya ce zai jira shi zuwa ƙarshen wata. In tsohuwar ta tafi, babu sauran mai tsare shi a gidan nan. Verna ta buɗe ƙofar mota. Sannan abin ya fi ƙarfinsa.

"Mama, ni ne. Na wanke akokon kafin in kawo miki."

Verna ta juyo. "Kai dai an yi sakarai! Shekara arba'in a gidan nan ba ka san..."

"Bar shi."

Tsohuwar ta kama gefen zanen, da zafinsa, ta murza tsakanin yatsu. Ta daɗe tana murzawa.

"Ina 'yar shekara tara, ido rufe nake gane wankakken akoko," ta ce. "Wata bakwai yana kan cinyata, yatsun nan ba su gaya min ba."

"Sitaci na sa, Mama. Kowa zai..."

"Ni ba kowa ba ce, ɗan nan."

Ta saki zanen ya koma tukunya, ta miƙa wa Verna hannu ta karɓi takardun da biro. Biron ya ƙi zama a yatsunta, sai da Verna ta riƙe mata ta sa hannu.

Harlan ya tsaya yana jiran baƙin ciki ya zo. Abin da ya zo sauƙi ne, kamar an sauke masa buhu daga ka, kuma ya tsani kansa a kan haka.

"Kashe wutar nan," Mama Ozella ta ce, ba ta dube shi ba. "Kana ɓarnar itace."