Gonar Tabita

Mawaƙa sun ɗauko waƙar godiya ke nan Afiniki ta ajiye gangarta ta miƙe tsaye. Shekara goma sha biyu tana shugabancin Zumuntar Mata a wannan ƙaramin coci na gefen Bunkure, ba ta taɓa katse sujada ba sai yau.

"Fasto, a gafarce ni. Mako huɗu ke nan Tabita ba ta zo ba. Wa ya tambayi dalili?"

Kowa ya san dalilin. Tun da mijin Tabita ya rasu, wansa Ɗanbaba ya karɓe gonarsu ta bakin kanal ɗin ban ruwa, ya ce mace ba ta riƙe gadon gidansu. Ya bar ta da 'ya'ya uku, tana tsince ruɓaɓɓen tumatir a gonakin mutane tana shanyawa. Shi kuwa Ɗanbaba dattijon ikilisiya ne, shi ya yi alkawarin kwanon rufin sabon ginin da suka daɗe suna ɗora bulo da hannuwansu.

"Mama Afiniki, wannan maganar gida ce," in ji Ɗanbaba, yana gyara zaman hularsa.

"Nan ma gida ne, Baba. Ranar da aka yi wa Tabita baftisma, kai ka ce ta zama 'yarmu."

Afiniki ba ta zauna ba. Matan suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, har sahunsu ya cika.

* * *

Sai da aka zauna sau uku. Fasto da dattawa suka kai maganar gaban mai unguwa. Malam Hambali, Musulmin da gonarsa ke maƙwabtaka da ta marigayin, ya zo da kansa ya ba da shaida.

"Shekara tara ina ganin matar nan tana ban ruwa tare da mijinta. Gumin su biyu ne."

Aka mayar wa Tabita gonar. A ranar Ɗanbaba ya janye alkawarinsa, ya ce ya bar musu cocin. Wasu maza suka yi ta gunaguni cewa Afiniki ta jawo musu wata damina babu rufi. Ta ji zafin maganar, ta haɗiye.

* * *

Ran Talata da hantsi, mata goma sha bakwai suka shiga gonar da fartanya, suna dashen tumatir suna waƙa. Afiniki ta ɗago tana share gumi, ta dubi layukan da suka dasa, ta ji kamar ta ƙara tsawo.

Can ta hango wata mace tana tahowa ta kan kunyar kanal. Rahila ce, matar Ɗanbaba. Ba ta gaida kowa ba. Ta tuɓe takalmanta, ta sunkuya kusa da Tabita, ta miƙa hannu.

"Ba ni iri," ta ce a hankali. "Bai san na zo ba."