Durowa Mai Kuka

Wani tsoho ya shigo shagon kafinta da hantsi, ya share garin katako daga kan benci ya zauna. Kabad yake so na littattafai, mai hawa huɗu, amma a ƙasa can bayan allon gindi a yi masa wata 'yar durowa da ido ba zai gani ba. Kafinta ya tambayi abin da za a ajiye, don ya san zurfin da zai ba ta. Tsohon ya waiga, ya ce alewa. Likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga, matarsa kuma har aljihun riga take lalubewa.

"Ka ba ni kalmarka, ɗana. Bakinka ba zai faɗa wa kowa ba."

Kafinta ya ba shi.

Kwana biyu bayan haka matar ta zo, wai ganin launin fenti. Ta zagaya kabad ɗin, ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, ta ce shekara arba'in tana zaune da mutumin nan, bai taɓa damuwa da inda littafi zai kwana ba. Kafinta ya ce shi dai katako aka ba shi ya yanka.

Ta tafi ta bar shi da zarto a hannu. In ya faɗa, ya ci amana. In ya yi shiru, da hannunsa ya gina wa dattijo ramin da zai ƙara masa ciwo. Ya wuni yana juya abin, har ya yanka allo ɗaya ba daidai ba.

Al'adarsa ce kafin ya miƙa aiki ya goga kyandir a gefen kowace durowa, don ta riƙa shiga da fita ba ƙara. Ranar da za a ɗauki kabad, ya goga wa sauran. Da ya zo kan ta ɓoye, ya mayar da kyandir ɗin aljihu.

Bayan mako guda tsohon ya dawo fuska a murtuke. Durowar, in ji shi, kuka take kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, har kicin ana ji.

"Baba, bakina na yi maka alkawari da shi. Ban yi da bakin katako ba."

"Ai ka kyauta. Ka san abin da matata take yi in ta ji? Hannu take miƙo mini. In ban raba biyu ba, ta kira 'yarmu ta faɗa mata. Ashe ita ma tun da aka hana ni zaƙi take a takure."

Kafinta ya tambaya ko a goga kyandir ɗin yanzu. Tsohon ya ce a bar ta haka, rabi ma ya ishe shi, kuma an daina lalube masa riga. Sai dai yana so a ƙara wa durowar zurfi, tunda yanzu baki biyu take ciyarwa.