Taurari a Ƙasa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Oktoban 1994, matata Verna ta gyara tutar Amurka da ke ƙofar gidanmu, taurarin suka koma sama. Kafin rana ta faɗi ta rasu.

Wata shida tutar ta yi a kife, kuma ni na kifa ta.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandaren garinmu, a gabashin jihar Montana. Duk yaron da ya bi ta ajina ya haddace gyare-gyare goma na farko na tsarin mulki, ko yana so ko ba ya so. Darasin ba shi da wuya. Mutanen da suka rubuta takardar nan ba su amince wa kowa da mulki ba, har da kansu, shi ya sa suka ɗaure wa gwamnati hannu, suka bar mata 'yan yatsu ta yi aiki. Har yau ban sauya ra'ayi ba. Na faɗa ne don kada wani ya ɗauka tuba na zo yi.

A watan Afrilu ƙaramar hukuma ta yanke shawarar faɗaɗa titin da ya bi ta gaban gonarmu, saboda manyan motocin wani kamfanin tsakuwa. Za a yanki gefen gonar, har da layin itatuwan da mahaifina ya dasa. Safiyon da aka turo ya kafa turaku kuwa Curtis ne, ɗanmu tilo.

"Baba, in ban zo ba wani za su turo," in ji shi, "kuma shi ba zai kauce wa rijiyar gonar ba."

"Madalla. Ɗan gida aka ba yankan, zai wasa wuƙar sosai."

"Aikina ne."

"Gyara na biyar na tsarin mulki. Karanto."

"Baba, shekarata talatin da huɗu fa."

"Karanto."

Ya karanto, kai a sunkuye, kamar yana aji. Da ya zo wurin da aka ce ba a karɓar dukiyar mutum sai don amfanin jama'a, na tsayar da shi. Na tambaye shi yaushe kamfanin tsakuwa ya zama jama'a. Sannan na ce kada ya sake tako mini gida sai ya zare turakunsa.

Washegari na sauko da tuta, na juya ta, na sake ɗagawa.

A yankinmu tsakanin gida da gida mil biyu ne ko uku, don haka ko yaro ya san ma'anar tutar da taurarinta ke ƙasa: rai na cikin haɗari, a kawo ɗauki. Ba a yi minti ashirin ba sai ga maƙwabcinmu Harlan Bixby, ɗan sa-kai na kashe gobara, a motar 'yan kwana-kwana, ko igiyar takalmi bai ɗaure ba.

"Wendell! Wa ya faɗi? Verna ce?"

"Tsarin mulki ne."

Ya tsaya yana haki, yana kallona. "Saniyata na can tana naƙuda na baro ta."

"Ƙasarka ma tana naƙuda."

"To ka yi mata unguwarzoma, tsohon banza." Ya buga ƙofar mota ya tafi.

Verna ta ajiye mini farantin nama da dankali.

"Malam," haka take kirana idan za ta yanke ni, "ba kai ne kake zagin shugabannin da ke kiran kowane ciwon kai dokar ta-ɓaci ba? Kai ka ce in an saba ihu babu dalili, kunnen jama'a mutuwa yake yi."

"Wannan daban ne."

"Su ma haka suke cewa. Ci abincinka."

Na shigar da ƙara. Na ƙi ɗaukar lauya, domin ban ga abin da lauya ya karanta da ban karanta ba. Bazara ta wuce ina cikin littattafai. Mutane suka saba da tutar, har ta zama alamar kwatance: in ka wuce gidan mahaukacin malamin nan, sai ka karya hagu. Curtis yakan wuce kullum da safe a motar aiki. Ba ya tsayawa. Verna takan fita duba akwatin wasiƙa daidai lokacin, ko da kuwa mai kawo wasiƙa sai azahar yake zuwa. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Ranar Talatar nan aka saurari ƙarar a hedikwatar ƙaramar hukuma, mil arba'in daga gida. Na tafi da motarmu, ita kaɗai gare mu. Kwana biyu kafin nan katafilar masu aikin titi ta tsinke wayar tarhon gidanmu. Da zan fita Verna ta ce ƙirjinta na mata nauyi, ta ce ko albasar jiya ce. Na ce ta sha magani, hankalina yana kan takarduna.

Alƙaliyar ta bar ni na yi magana awa ɗaya da rabi. Ba ta katse ni ba. Ta yi mini tambayoyi masu kyau, biyu daga ciki suka ɗaure ni. Daga ƙarshe ta ce titin na kowa ne, motar makaranta ma ta nan take bi, don haka hukuma na da hurumi. Har yau ina ganin ta yi kuskure. Amma da na fito na zauna a shagon kofi na tsallaken titi, sai ga lauyan hukuma ya shigo, ya cire hula ya gaishe ni, ya ce ya taɓa zama a ajina. Na yi ta juya cokali a kofi. Tsoho ya maka hukuma a kotu, ya faɗa mata baƙar magana a bainar jama'a, ya sha kaye, ga shi yana cin kek ɗin tuffa babu wanda ya taɓa shi. Ƙasar da ake haka ba ta kai ga kifa tuta ba. Tana da ciwo, amma ba ta shure-shuren mutuwa.

A hanyar dawowa na tsara komai. Zan sauko da tutar da hannuna, in gyara ta. Har jawabin da zan yi na shirya, don ni ko atishawa sai da gabatarwa.

Daga kan tudu na hango ta a daidai, taurari a sama. Wani ya riga ni. Raina ya ɓaci yadda ban iya kwatantawa. Ban kashe mota ba na leƙo ta taga.

"Wa ya taɓa mini tuta?"

Verna na zaune a matakalar baranda, ta jingina da ginshiƙi, fuskarta kamar toka. Taku talatin ne daga nan zuwa sandar tutar. Na auna daga baya, sau da yawa.

"Tun ƙarfe goma nake kira," ta ce a hankali. "Da me kake so in kira? Ka riga ka cinye kiran."

Ta yi lissafinta daidai, yadda ta saba. Tunda kifaffiyar tuta ta daina tsayar da kowa, wataƙila gyararriya ta sa wani ya shigo tambaya. Harlan ya hango ta daga gonarsa, ya ce wa matarsa jakin ya gaji da taurin kai. Curtis ya wuce da sha ɗaya da rabi, ya gani, ya danna oda sau uku don murna. Bai tsaya ba saboda na hana shi tako gidan, shi kuma yaro ne mai bin doka. Ni na koya masa. Ta ji odar tasa.

Na ɗauke ta na sa a mota. Mil arba'in zuwa asibiti, a kan titin da na yi wata shida ina yaƙi kada a gyara. Ina ta kallon hanya, ina cewa a raina idan mun isa zan faɗa mata. Wajen mil na ashirin da shida kanta ya kwanto a kafaɗata.

Na shekara guda ina ɗora laifin a kan mai katafila. Curtis yana ɗora wa kansa, har yanzu, ko da yake duk Lahadi yana zuwa mu ci abinci, mu yi maganar yanayi. Tutar na nan daidai. Ina ɗaga ta da safe, in sauke kafin duhu, in naɗe ta yadda ƙa'ida ta ce.

Jawabin da na shirya a hanya ya kai minti goma, akwai sunayen matattun alƙalai a ciki. Na manta shi kaf. Abin da ya rage shi ne ƙarshensa, wanda ya kamata in fara da shi tun daga tagar mota:

Verna, ke ce da gaskiya. Kira yaron nan ya zo mu ci abinci.