Ana Iya Ci

Maigida Holtkamp ya yanki burodin, ya shinshina, ya danna tsakiyarsa da babban yatsa, sannan ya kai baki. Mareike tana tsaye jikin tanda, hannuwanta duk gari, tana kallon muƙamuƙinsa. Yau gwajinta yake ƙarewa a gidan burodin, kuma yau ne tsohon ya fara barin ta ta kwaɓa baƙin burodi ita kaɗai. In bai ɗauke ta ba, sai komawa garinsu Kolon, aiki a kamfanin da inji ke yin komai, mutum nasa danna maɓalli. Ita kuwa nan take so.

Ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye, ya kakkaɓe gashin bakinsa.

"Kann man essen," in ji shi da Jamusanci. Wato, ana iya ci. Ya juya wajen buhunan fulawa abinsa.

A Kolon ko ƙwai ka dafa wa mutum sai ya rungume ka, ya tambayi wanda ya koya maka. Nan ƙauyen gefen Munster ta zuba duk abin da ta sani a burodi guda, an ba shi shaidar da ake ba abincin asibiti. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tuɓe rigar aiki, ta zura kwat ɗinta, ta fito ta cikin shago.

Gudrun mai sayarwa tana naɗe wa wani dattijo burodi, ta tambaye ta ina zuwa da rana tsaka haka. Mareike ta ce tashar jirgi, ta maimaita mata hukuncin. Gudrun ta saki takardar hannunta.

"Da bakinsa? Duka kalmomin?"

Dattijon ma ya matso, ya ce a sake faɗa masa. Da ya ji, sai ya ce a mayar da nasa, a ba shi na yarinyar. Gudrun ta shiga yi mata bayani kamar mai karanta sakamakon likita. In Maigida ya yi shiru, aiki ya yi. In ya ce "hm", ka gode wa Allah. Wannan magana ta yau kuwa ita sau ɗaya ta taɓa jin ta, ranar auren 'yarsa, kuma har gobe matarsa tana zargin giya ce ta yi magana.

"To ya ce ya yi daɗi mana, bakinsa zai fashe ne?" in ji Mareike.

"'Yar nan, so kike ki kashe shi?" in ji Gudrun.

Mareike ba ta yarda ba. Ta koma ciki da kwat ɗinta a jiki, ta iske Maigida ya juya wa ƙofa baya, yana cin yanka na biyu a ɓoye.

"Maigida, ya yi daɗi ko bai yi ba? Kalma ɗaya nake so."

Kunnuwan tsohon suka yi jajir. Ya dubi tanda, ya dubi takalmansa, ya buɗe baki ya rufe, sai ka ce an ce ya tashi ya yi rawa a coci. Har tausayi ya ba ta. Can ya jawo takarda, ya naɗe ragowar burodin a hankali, ya ce zai kai wa matarsa ta gani.

"Gobe ki rage gishiri," ya ce, ya fice ta ƙofar baya.

Gudrun, wadda ta laɓe a bakin ƙofa, ta raɗa mata cewa gishirin lafiyarsa lau, tsoro ya ji kada ya zama ya yi yabo da yawa.

Mareike ta ɗan tsaya tana kallon ƙofar da ya bi. Sannan ta rataye kwat ɗinta a ƙusa, ta gutsiri ɓawon da ya bari a kan katako, ta tauna. Gishirin ya ɗan yi yawa.