Tulu Na Biyu

…kuma ba zan sa safar hannu ba. Bari hannun ya yi baƙi. Duk wanda ya gan ni a coci ranar Lahadi ya san Iolanda ta yanka 'ya'yan noce, gyaɗar bishiyar nan mai rina hannu, bana ma, na ƙarshe. Na ƙarshe, Tullio ƙanena, kana jina? Ina fa za ka ji, kana can birnin Modena a saman bene, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Tulu biyu. Na farko yana bakin taga yana shan rana, har ya fara duhu. Shi tun idin San Giovanni, a ƙarshen Yuni, na haɗa, yadda Mama ta koya mini: a tsinko da asuba, ƙafa ba takalmi, raɓa na jiƙa siket, 'ya'yan kore shar, ɗanyu, allura na ratsa su kamar man shanu. Barasa, kanumfari, kirfa, ɓawon lemo. Wannan nocino, giyar noce ke nan, nawa ne da maƙwabta.

Na biyun nan da ke gabana… naka ne, ƙanena. Da gangan na bar su a bishiya har Yuli ya yi nisa. Sun yi ƙashi a ciki, allura ta lanƙwashe. Wace yarinya ce a ƙauyen nan ba ta san abin da ke fita daga irinsu ba? Ɗaci mai shaƙe maƙogwaro, kamar ka tauna ice. Wuƙar ma ƙi take, sai na danna da tafin hannu — ƙas!

“Haba Yaya, bishiya ce fa kawai.”

Kawai! Ta waya ma, ko zuwa ba ka yi ba. Ka sayar da rabonka na filin, bishiyar Mama ta faɗo ɓangarenka, mutanen Milano da suka saya suna son wurin ajiye mota. Sun shafa mata jan fenti. Ranar Litinin masu zarto za su zo. Ko numfashi ban gama saukewa ba sai ga ka da, “Amma kwalbata ta Kirsimeti tana nan dai ko?” Ka ji rashin kunya! Kai da kowace shekara sai ka kurɓa, ka lumshe ido, ka ce, “Da daɗi, Yaya, sai dai bai kai na Mama ba.” Na haɗiye. Shekara da shekaru ina haɗiyewa.

Tana nan, kwalbarka. Har kirtani ja zan ɗaura mata. Ina ganin teburin tun yanzu — matarka Fiorenza da farantanta masu bakin zinari, surukanka, kai kana zubawa kana fankama, “Daga bishiyarmu ne!” Sai fuskoki su yamutse. Sai wani ya nemi ruwa. Ni kuwa ina zaune, hannu a cinya. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi. Na tsane ka yau, Tullio, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Ƙas! Wani kuma. Ƙarar nan… a ina na san ƙarar nan?

Kicin ɗin nan ne. Mama ta ba ni baya, kafaɗarta na motsi, ƙas, ƙas. Tsakar rana ne, da takalminta a ƙafa, ita kaɗai ta je ta tsinko. Tulu biyu… ita ma biyu take yi. Ɗaya a bakin taga, ɗaya a bayan ƙofar ɗakin ajiya. “Wancan na babanku ne, kar ki taɓa.” Tun yaushe? Tun shekarar da Baba ya sayar da gonar inabin da ta gada, bai ko tambaye ta ba. Ta ci gaba da hidimarta. Na ɗauka haƙuri ne.

Shi kuwa bayan cin abinci ya ɗaga ɗan kofinsa, ya tanɗe baki: “Adalgisa, babu mai irin hannunki.” Ya sani? Ya sani yake sha? Kai kuma kana kan cinyarsa, ɗan auta, kana tsoma yatsa a kofin kana lasa. Ni na bakin taga ake ɗanɗana mini. Kai kuwa…

“Nata yana da wani ɗan ɗaci, Yaya. Ba ki taɓa dacewa da shi ba.”

Wayyo Allah.

To za ka kurɓa ke nan, ka rufe ido, hawaye su zubo maka a gaban surukai. Ka kama hannuna ka ce Mama ta dawo. Abin da ka yi ta nema tun da aka binne ta, ni zan kai maka har tebur, da jan kirtani, a shekarar da ka sare mata bishiya?

In zubar? In ba ka na tagar, mai kyau, ka ci gaba da rashi har ka mutu? Wanne ne horon? Baɗi babu bishiya, babu wani tulun… saura huɗu a kwano ban yanka ba, wuyan hannuna na zogi, baƙin ya shiga har ƙarƙashin farce. Haka na Mama yake.